Laka a Gindin Jigo

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka har Baba ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ina ƙarami "kai wannan" ne. Da aka kai ni boko na zama "ɗan makaranta". Da na sami aiki a ma'aikatar ruwa sai na koma "mutumin Zariya", a nan kuma na tsaya har furfura ta fara fito mini. Kunyar ɗan fari ce, kowa a garinmu Likoro ya san da haka, ba mai cewa ƙiyayya ce. Amma wanda ba a kiran sunansa ina zai sa ran yabo? Ni kuwa a shekarun nan yabo nake nema ido rufe.

Lokacin ba a cika shekara goma da sauke tutar Turawa ba. Ofis-ofis ana ta miƙa wa 'yan ƙasa kujeru, duk wanda ka gani da biro uku a aljihun gaba sai ka rantse shi ya je ya karɓo mulkin da hannunsa. Ni ma biro uku gare ni, kada in ɓoye. A sashenmu Bature ɗaya ya rage, wani dogo mai jan wuya, ba Ingilishi ba, daga ƙasashen nan masu awo da lita da kilo. Ya iya Hausa, ya iya cin goro, kuma saura wata guda ya tattara ya koma ƙasarsu.

Aikin da ke hannunsa wata ƙaramar madatsar ruwa ce da za a yi a wani rafi can wajen Kurmin Kogi, a ƙasar Ikara. Tare ruwa ba wuya. Wuyar ita ce laka. Rafukan ƙasarmu ba sa zuwa hannu rabbana, da damina ja wur suke saukowa ɗauke da rabin gonakin mutane. In ka tare ruwan lakar ta kwanta, shekara kaɗan madatsarka ta koma filin shuka dankali. Don haka kafin a sa shebur ko ɗaya sai an san yawan lakar da za ta shigo, da inda za ta kwanta, da inda ya kamata a sa ƙofar da za a riƙa buɗewa ruwa yana wanke ta.

Wannan lissafi ya fi ƙarfin takarda da fensir, sai inji. Akwai guda ɗaya a jami'a, a wani ɗaki mai sanyi, kuma sau biyu a mako ake ba mu layi. Ba a yi masa magana sai da kati. Kowane kati layi ɗaya ne na umarni, an yi masa huji-huji, ka jera su cikin akwati ka miƙa ta taga, gobe ka dawo ka karɓi doguwar takarda cike da lambobi. Baturen ya shekara biyu yana rubuta nasa umarnin. A takarda ya yanka rafin gida-gida, gida arba'in a jere kamar ramukan dara. Injin ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya lissafa ruwa nawa ne da laka nawa ce a kowane gida, ya matsa gaba kaɗan cikin lokaci, ya sake lissafawa, har ambaliya guda ta zo ta wuce. Can ƙasan takardar akwai wani layi da muke kira alƙali. Shi yake haɗa nauyin abin da ya shiga rafin, ya cire na abin da ya fita, ya cire na abin da ya zauna a ciki. In lissafi ya yi daidai, sifili yake bugawa.

Wata Litinin Baturen ya kira ni ofishinsa, ya turo mini akwatin katin a kan tebur. Ya ce zai tafi rangadi Ikara mako uku, ya ga wurin da idonsa karo na ƙarshe.

"Na gwada shi da ruwa zalla, yana aiki," in ji shi. "Saura a zuba masa laka. Ga awon da muka ɗauko bara. In na dawo na tarar alƙali ya buga sifili, zan rubuta cewa kai za ka riƙe aikin nan. In ba haka ba, dole in rubuta a aiko wani daga waje. Ba na so, amma madatsa ba ruwanta da siyasa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai an gama."

Ya ƙara da cewa ƙwaƙwalwar injin ba ta da yawa, in na ga inda za a rage kati ba tare da ɓarna ba, in rage. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kai ni ta baro.

A cikin umarnin akwai sunaye, kowane suna kamar ƙwarya ce da injin ke ajiye lamba a ciki. Yawancinsu na gane su ba wahala, ga zurfi, ga faɗi, ga saurin ruwa. Sai wasu guda uku, F1 da F2 da F3, da suka bi ko'ina suka cika. Na san dai suna da alaƙa da abin da ke kwarara, amma Baturen bai rubuta bayaninsu ko'ina ba, a kansa suke. Na shimfiɗa takardar gwajin ruwa zalla a ƙasa, na durƙusa na bi ta da yatsa. F1 da F2 iri ɗaya sak, daga sama har ƙasa, ko lamba ɗaya ba ta bambanta ba. F3 kuwa sifili ne tsura. Bugu da ƙari, gidaje arba'in ne, amma kowane ɗaya daga cikin ukun lamba arba'in da ɗaya yake bugawa.

Na ce, af! Ashe Bature ma yana ɓarna. F3 na ƙyale shi, na ce wataƙila laka yake jira. Ragowar lamba ɗayan nan ma na ɗaga mata ƙafa sai wani jiƙon. Amma F2, wanda yake maimaita ɗan'uwansa kamar aku, na ce yau kwanansa ya ƙare. Na zare duk katunan da ke lissafa shi, inda aka ambace shi kuma na sa F1 a madadinsa. Kati ashirin da uku suka fita.

Mai huda mana kati wata mata ce daga kudancin lardin, ta girme ni nesa ba kusa ba, kowa Madam yake ce mata. Da na kai mata sababbin layukan ta dube su ta saman gilashinta, ta dube ni.

"Malam, ka tabbata? Mutumin nan fa ba ya sa kati a banza. Ko goro sai ya raba shi huɗu."

Na ce, "Madam, ke dai huda naki, lissafi ki bar wa masu shi."

Na watsa tsofaffin cikin kwandon shara a gabanta, don ta san ba da wasa nake ba. Na gwada da ruwa zalla, alƙali ya buga sifili, har ma injin ya gama da wuri fiye da da. Ranar nan ban taka ƙasa ba. Na aika gida cewa aiki ya zama nawa, sai dai a jira takarda. Inna kuwa ba ta iya riƙe labari mai daɗi ba, kafin Juma'a duk unguwa ta ji.

Sai na zuba laka.

Alƙali ya buga wata lamba da ban taɓa ganin irinta ba, kuma duk matsawar da injin ya yi sai ta ƙara ƙiba. Bisa ga takardar nan, kaya suna shiga rafin suna ɓacewa, ba su fita ba, ba su zauna ba. Na ce kuskuren huji ne. Na sa Madam ta sake huda katin awo gaba ɗaya, na miƙa, abin bai canza ba. Na ce awon bara ne ba daidai ba, na gyaggyara shi da hannuna, abin ya ƙara lalacewa. Na ce injin ne, har na tsaya a taga ina yi wa masu kula da shi ihu kamar na biya sadakinsa. Layi huɗu na ƙona a mako biyu. A na huɗun na koma kan Madam, na ce mata in idonta ya gaji ta faɗa a nemo wata. Ta rufe injin hudarta da mayafinsa ta fita. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kunya ta kama ni.

Abin da ban taɓa zargi ba shi ne aikin hannuna. Ai na gwada, ya ci jarrabawa! Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, amma mai biro uku ba ya jin karin magana.

Ya rage layi ɗaya, ranar Talata, Baturen kuma Alhamis zai dawo. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau kekena na nufi Likoro. Ba neman taimako na je ba, wa zai taimake ni a can? Na je ne in fara lallaɓa Inna, in sassauta labarin da na aika, don kada faɗuwar ta zo mata gaba ɗaya. Amma da na ga yadda ta yanka mini zakara tana ta kai da kawowa, sai na fasa gaya mata.

Bazara ce, zafi kamar ya tsaga ƙasa. Baba yana da lambu a fadama, albasa da ɗan rake, kuma a ƙarshen rani rafin ya tsinke, sai wani gurbi da ruwa ke kwanciya. A bakinsa ya kafa jigonsa: doguwar sanda a kan gwafa, guga a baki ɗaya, curin laka a gindi. Ka ja igiya guga ya nutse, ka saki, nauyin curin ya ɗago maka shi, ka juye a magudana. A lambun Baba ba a zuwa kallo. Ko hakimi ne ya tsaya gaisuwa, in ya daɗe za a miƙa masa igiya.

Asabar da sassafe na same shi can. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi ta gajiya da ta iyali da ta zafi. Ya dubi takalmina na ofis, ya dubi jigo.

"Mutumin Zariya ko ya manta?"

Na tuɓe takalmi na kama igiya. Hannu bai manta ba. Ruwan safe garau yake, har ana ganin yashi a ƙasa, guga yana tashi kamar da kansa. Ni ina juyewa, Baba yana can ƙasa da fartanya yana buɗe wa fangalin albasa ƙofa, in ya sha ya toshe ya buɗe na gaba. Muka yi ta yi har hantsi ya ɗaga.

Da rana ta take sai ga shanu. Akwai wani Bafulatani da suka yi shekaru da Baba a kan ƙa'ida ɗaya: safiya ta lambu ce, tsakar rana ta shanu. Muka koma gindin mangwaro muka ba su wuri. Suka shiga gurbin har gwiwa, suka sha, suka tattake, suka fita suka bar shi kamar kunun kanwa.

Bayan azahar na koma kan igiya. Na nutsar da guga, na saki, ya ƙi tasowa. Ya ɗago rabi ya tsaya yana lilo, sai da na sa ƙarfi na cicciɓo shi. Na biyu haka, na uku haka. Kafin na goma gumi ya jiƙa ni sharkaf, bayana yana kuka. Na fara tsaki, ina cewa zaman kujera ya kashe ni, ko kuma gwafar ce ta karkace. Kullum dai laifin wani abu ne, ka ji halin.

Baba ya hawo a hankali. Ya sunkuya bakin gurbi ya ɗebo laka cikin hannu biyu, ya zagaya ya manna ta a kan curin da ke gindin jigo, ya ƙara ɗaya, ya shafe da tafin hannu.

"Ja mu gani."

Na ja, na saki. Guga ya taso sumul kamar da safe.

Na ce, "Baba, ai gugan ɗaya ne. Kuma cikarsa ɗaya."

"Cikarsa ɗaya," in ji shi. "Nauyinsa fa? Guga ba ruwansa, shi dai a cika shi. Jigo ne ya san bambanci, da bayan mai ja. Da safe in ka ƙirga guga ka ƙirga nauyi, magana ɗaya ce. Bayan shanu kuwa magana biyu ce. Wanda ya ce ɗaya ce, bai taɓa ban ruwa da la'asar ba."

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Lita ɗaya ta ruwa zalla kilo ɗaya ce, wannan ko ɗan aji uku ya sani. A awon Baturen, in ruwa garau ne, lambar cika da lambar nauyi dole su zo iri ɗaya, ba don abu ɗaya ba ne, sai don ba a riga an kawo shanu ba. F1 cika yake ƙirgawa, F2 nauyi. Ni kuwa ɗan kasuwar mudu da tiya, wanda tun tasowarsa hatsi da cika ake auna shi ba da sikeli ba, na ga mudu biyu sun yi daidai na jefar da ɗaya. Na bar injin yana tura ruwa mai laka da nauyin ruwan safe, ga alƙali kuma nauyi yake tambaya. Ina zai ga sifili?

Igiyar na hannuna, bakina a buɗe. Baba ya ɗauka ban gane ba ne, sai ya ƙara.

"Uku ma ne, in kana son gaskiya. Zo ka gani."

Na bi shi. Ya tsuguna a ƙofar fangali na farko, ya sa fartanya ya kankaro wani jan kwanci mai santsi da ya taru a wurin.

"Da safe ka ga wannan? Babu. Yanzu ga shi. Guga nawa ya wuce daban, nauyin da ka ɗaga daban, lakar da ke cikinsa ita ma daban. Ita ce mai toshe ƙofa, ita ce mai shaƙe albasa. In ban san yawanta ba, gobe ruwa ba zai wuce nan ba."

F3 ke nan, wanda ya yi ta buga sifili yana jiran shanu.

Na ce, "Baba, me ya sa kullum a ƙofa kake tsayawa? Ban taɓa ganin ka shiga tsakiyar fangali ka duba ba."

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake sallah ana fuskantar gabas.

"Me zan gani a tsakiya? Fangali abin da aka ba shi yake riƙewa. In kana son sanin abin da ya samu, ƙofa za ka tambaya. Abin da ya fita ta nan shi ya shiga can, ba ƙari ba ragi. Ko rigimar ruwa ce da maƙwabci, a ƙofa ake yanke ta."

Na miƙe na ƙirga layin da muke shayarwa. Fangali goma ne. Na ƙirga ƙofofi, tun daga wadda ruwa ke shigowa daga magudana har ta ƙarshe mai kai ragowa gonar maƙwabci. Goma sha ɗaya. Gida arba'in, lamba arba'in da ɗaya! Ashe sunayen nan uku ba a cikin gidaje suke zaune ba sam, a ƙofofin da ke tsakaninsu suke. Da na sami sarari da na "gyara" wannan ma, in ƙara wa Barno dawaki.

Na zauna daɓas a kan kunyar fangali, cikin laka, da wandon ofis.

"Mutumin Zariya ya gaji," in ji Baba, yana magana da albasa.

A nan na kwashe komai na gaya masa: akwatin, da katunan da na zubar, da sharaɗin Bature, da abin da na faɗa wa Madam. Ya saurara yana goge fartanya da ciyawa. Injin bai dame shi ba, bai ma tambayi kamanninsa ba. Da na gama ya ce, "Abin da ka cire, ka mayar. Matar nan kuma ka ba ta haƙuri kafin ka taɓa komai." Na zabura zan ɗauki keke. Ya nuna layin da fartanya. "Saura fangali huɗu."

Sai da na shayar da su.

Lahadi na yini a tsakar gida ina ƙoƙarin tuno katuna ashirin da uku da ka, domin takardar da aka buga umarnin asali tana jakar Baturen a Ikara. Na tuno sha biyar, su ma ba duka na amince da su ba. Litinin tun kafin masinja ya gama shara ina tsaye ƙofar ɗakin Madam, da ƙullin albasa da rake biyu da Baba ya ɗaura mini a keke. Da ta iso na durƙusa har ƙasa, a gaban masinja da kowa.

Na ce, "Madam, na yi miki rashin kunya, kuma laifin nawa ne tun farko. Idonki lafiya lau, nawa ne ya rufe. Ki yafe mini."

Ta bar ni a durƙushe har ta ajiye jaka, ta cire wa inji mayafi, ta goge gilashi. Sannan ta ce, "Masu lissafi ne yau a ƙasa?"

Na ce, "Su ne."

Ta buɗe jakarta ta fito da wani ƙunshi ɗaure da zaren saƙa, ta ajiye a tebur. Katunana ne, ashirin da uku cif, ta jera su yadda suke, har ta sa musu lamba da fensir a baya.

"Tun ranar na tsince su. Na haifi maza huɗu, Malam, na san mai dawowa in na gan shi. Tashi, kada ka ɓata wandon."

Talata na miƙa akwati ta taga. Laraba na je na karɓo. Ban duba sama ba, na warware takardar nan a kan baranda har ƙarshenta. Sifili. Na bi da yatsa, kowane mataki sifili. F1 da F2 sun rabu, F2 ya fi nauyi daidai inda ruwa ya fi kauri, F3 ya cika da lambobi yana raguwa ƙofa bayan ƙofa, yana nuna inda laka ke kwanciya. Na yi hamdala da ƙarfi har wasu ɗalibai suka waiwayo.

Alhamis Baturen ya dawo, wuyansa ya ƙara ja. Ya duba ƙasan takardar, ya gyaɗa kai, ya jawo biro zai rubuta. Da na yi shiru da shi ke nan, ba wanda zai tona, Madam ba mai surutu ba ce. Amma na ce, "Ranka ya daɗe, dakata. Akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka sa hannu." Na faɗa masa na zubar da F2, na ƙona layi huɗu, kuma ba ni na ceto katunan ba.

Ya ajiye biron. Ya ce, "To yanzu gaya mini, mene ne su ukun?"

Na ce na farko yawan abin da ya ratsa ƙofa ne, ruwa da laka a haɗe, in da cika aka auna. Na biyu shi ne dai, amma da nauyi, kuma shi ake bi in ana lissafin ƙarfin turawa. Na uku rabon laka ne ita kaɗai a cikin abin da ya ratsa. Dukansu a ƙofa suke, ba a gida ba, shi ya sa suka fi gidaje da ɗaya, kuma abin da aka cire wa wannan gida shi za a ƙara wa na gaba, da lamba ɗaya, ba a lissafa shi sau biyu.

Ya ce, "A wane littafi ka karanta?"

Na ce, "A gindin jigon mahaifina, bayan shanu sun sha ruwa."

Ya sa na ba shi labarin tun daga farko, yana dariya har da buga tebur. Sannan ya ce rabin laifin nasa ne, da ya bar sunaye ba bayani. Ya sa hannu a takardar, ya zaro mabuɗin kabad ɗin katuna daga zobensa ya miƙo mini. "Wanda ya san inda ya faɗi ya fi mini wanda bai taɓa tuntuɓe ba. Akwatin naka ne. Ka rubuta bayanin, don na bayanka."

Aikin farko da na yi a kujerar nan shi ne sauya sunayen. Injin ba ya karɓar suna mai harafi fiye da shida, namu kuwa suka shiga daidai: GUGA, NAUYI, LAKA. Madam ta huda su tana murmushi. Ina alfahari da wannan, ba na ɓoyewa. An sa ƙofar wanke laka inda lissafin ya nuna, kuma da na je wurin ba da daɗewa ba, na tarar da ruwa a ciki da masu tumatir a gefensa.

Yaran yanzu sukan zo mini da kwamfuta a jaka, umarninsu ya fi nawa tsawo sau dubu, gidajensu ba sa ƙirguwa, ga ruwa ga mai ga iska duk a haɗe. Sai su nuna mini sunaye huɗu ko biyar masu kama da juna, su ce, "Baba, waɗannan ba abu ɗaya ba ne?" Nakan ce kada su taɓa ko ɗaya tukuna. A gida yake ko a ƙofa? Cika yake ƙirgawa ko nauyi? Na kowa ne ko na mutum ɗaya? Kuma kada su yarda da gwajin da aka yi da ruwan safe.

Asabar ɗin da ta biyo bayan samun mabuɗin na koma Likoro. Na sa Madam ta huda mini kati ɗaya na daban, wanda ke lissafa NAUYI, na kai wa Baba a lambu. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu, na ce an ba ni aikin, kuma wannan nasa ne. Ya juya shi gaba da baya, ya ɗaga shi ya leƙa rana ta hujin.

"Me zan yi da takardar da gara ta ci?"

Ya cusa shi a aljihu, ya nuna mini igiya. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma na ji zafinsa, ba zan yi ƙarya ba. Na ja ruwa ranar nan har la'asar.

Shekaru da yawa bayan haka Baba ya rasu. Ranar uku muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai ga wani tsoho da ban sani ba, ya jingine kekensa, ya yi addu'a, ya bi fuskokinmu da kallo. Ya ce shi mai sayar da irin albasa ne a kasuwar Makarfi, rumfarsu ɗaya da marigayi. Sai ya kira sunana, cikakke, ya ce wane ne a cikinmu.

Na ce ni ne, a ina ya san ni?

"Haba! Ai sunanka mun haddace shi. Akwai wata 'yar takarda mai huji da yake ajiyewa cikin hularsa. Duk ranar kasuwa sai ya ciro ta ya nuna wa wanda bai gani ba, ya ce ɗansa wane ne ya karɓi aikin ruwa daga hannun Bature. Har tsokanarsa muke yi, mu ce Malam, yau ba za a fito da takardar ba?"

Na tashi na shiga ɗakin Baba. Hular tana rataye a ƙusa inda ya saba barinta. Na sa yatsa cikin naɗin, na zaro katin. Ya yi laushi kamar tsumma, gumi ya rine shi, rubutun saman ya goge, amma hujin suna nan yadda Madam ta huda su. Na zauna a bakin gadonsa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.